Kututturen Kwakwar Nicanor

Zuwa ga jikana Wilfrido, a Antofagasta,

Gaisuwa mai tarin yawa daga kakarka Eulogia, da fatan Allah Ya tsare mini kai a wannan ramin ma'adinai da kake shiga kamar gafiya. Mu nan tsibiri lafiya lau, ban da gwiwoyina da suka fara rigima da ni. Gwaggonka Damaris tana nan da bakinta. Jiya ta dafa shinkafa da kwakwa, na ci rabona na ci naka, tunda kai ka zama babban mutum, ko waya ba ka ɗauka. Shi ya sa na ɗauko biro. 'Yar maƙwabta za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka yau ɗin nan, domin maganar ba ta jira.

Kwana ashirin ke nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a bakin teku. Duk 'yar'uwarka Yuleidis ce ta jawo. Ka san tana aiki da masu nutson nan da ke neman jiragen da suka nutse tun zamanin kakanni, su auna, su zana, su bar abin a inda yake. To, ranar nan ta tsaya tana kallon tulun da nake dasa ɗoɗɗoya a ciki, wanda ƙugiyar kakanka Nicanor ta jawo shekaru arba'in da suka wuce. Washegari sai ga ta da shugabarsu, Dakta Amparo. Matar nan ta durƙusa gaban tulun kamar ta shiga coci, ta ce ya haura shekara ɗari uku, kuma inda ya fito akwai jirgi kwance. Na ce mata ashe na samu wanda ya girme ni a gidan nan, daga yau shi zai riƙa gaishe da baƙi. Ta tambayi inda aka samo shi, na ce ta je makabarta ta tambayi mai shi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar ashirin ga wata jirgin yashe hanya zai fara haƙa a ɓangarenmu don manyan jirage su samu wucewa zuwa Cartagena. In su Yuleidis sun gano jirgin kafin nan, suka shigar da shi takarda, dole a kauce masa. In ba su gano ba, injin zai tauna shi ya tofar. Mako uku suna jan na'urarsu a bayan kwale-kwale, abin da suka samo tsohon firiji ne da taya biyu. Masunta sun sa wa Yuleidis suna Sarauniyar Firiji. Tana dariya a gabansu, amma ta rame har kayan nutsonta sun yi mata yawa.

Ta ce ta kira ka ta tambaye ka wurin da aka samo tulun, ka ce ka yi wa kakanka rantsuwa, ka kashe waya. Na sani. Masunci ba ya faɗin wurin kifinsa sai ga mutum ɗaya, kuma kai ya zaɓa. Ni da na wanke masa wando shekara hamsin bai taɓa gaya mini ba, tsohon banza, Allah Ya ji ƙansa. Sai dai bai san wadda ya aura ba. Ka tuna doguwar kwakwar bayan gida da ke fasa mana kwanon rufi kowace shekara? Sau nawa na ce a sare ta, ya yi tsalle ya ce sai dai a sare shi? Mutumin da ba ya zuwa coci sai jana'iza, me ya sa ya fi kowa tada jijiyar wuya a kan fentin hasumiyar cocin? Tun tuni na gane: in kana teku ka ga kan kwakwar ya hau daidai gicciyen hasumiyar, kana kan layin wurin. Na gaya wa Dakta Amparo haka, ta kusa ɗaga ni sama. Sannan ta ce layi ɗaya bai isa ba, sai na biyu ya gitta shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyun yana bakinka.

Alkawari kaya ne, ban ce ba kaya ba ne, kuma na ji daɗi da ka riƙe shi. Ba zan ɓoye maka ba, in aka shigar da wurin takarda za a hana jefa anga da raga a can, ba za ka ƙara kamun kifi a wurin kamar da ba. Amma ka yi tunani, ɗan nan. Kifin nan da ya ciyar da ubanka da kai, a cikin haƙarƙarin jirgin nan yake kwana. Kakanka ya rantsar da kai don wurin ya ɗore ne. Bayan ashirin ga wata, me za ka tsare? Laka?

Kwakwar ta faɗi a guguwar bara, amma kututturen yana nan. Damaris ta haɗa mini gora biyu, na ɗaura jan siket ɗina a kai don su Yuleidis su hango daga teku. Ta ce a ɗaure gorar a tafi, na ce a'a, ni zan riƙe. Daga Litinin, kowace safiya ina kan kututturen nan da gorata har rana ta take, da shekaruna saba'in da tara, sai ranar da ka kira 'yar'uwarka.

Ka gaishe da matarka Nelcy, da ƙaramar Eulogia da ta sace mini suna. Damaris da kawunka Evaristo suna gaishe ka. Yuleidis ba ta san na rubuto ba.

In an gaya maka ƙafafuna sun kumbura, kada ka tambayi dalili.

Kakarka da ke tsaye,
Eulogia