Curi na Goma Sha Biyu

Runjin Sambo, 3 ga Afrilu

Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da zafi, da fatan ƙafar Malam ta yi sauƙi. Na rubuto ne domin in na kira waya sai ki ce ba kya ji.

Jiya takardar gayyata ta iso daga kwalejin 'yarki. Baje kolin aikinta na gama karatun zane da gini, wai "Hannuwan da suka raine ni". Ƙananan tukwane ne, an ce kowace mace ta danna babban yatsanta a curin yumɓu, ita kuma ta bi ramin tana matsawa da yatsu har ya zama tukunya. Na karanta sunayen sau uku, yadda nake duba jarrabawa. Mata goma sha ɗaya. Ke ce ta farko, "Innata". Akwai malamar Islamiyya. Akwai Sadiyatu mai ƙosai, Yaya. Wadda ke soya ƙosai a bakin tasha ta raini 'yar da na haifa, ni kuwa an gayyace ni kallo.

Riƙo na ba ki ranar yaye, ban ba ki kyauta ba. Mun tashi a Ƙofar Atiku cikin littattafan Baba, aure ya kai ki gidan magina, kika ɗauki yarinyar da ya kamata ta karanta shari'a kika cusa mata hannu a laka. Yanzu da lakar aka goge sunana. Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane adabi, na san yadda ake cire mutum daga labari, kuma na san hannun wanda ya cire.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Balkisu

Wamakko, 5 ga Afrilu

Balkisu,

Wa alaikumus salam. Ƙafar Malam da sauƙi, yana gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, har Lawali mai keke ya ce ta ƙona mai aljihu.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina iya ƙirga. Curi goma sha biyu Wasila ta murza, ina zaune gabanta. Ki tuna wata Juma'a da ta zo gidanki da abu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, dangin mijinki cike da falo. Ta durƙusa ta ajiye gabanki. Ba ki dube ta ba, kika ce da bango, "A gaya wa waccan ta fitar da ƙazantar nan daga kan kafet." Ta dawo nan ta ce mini kanta ke ciwo.

Na san kunyar ɗiyar fari ce, duk mun yi. Amma wagga ɗiya shekararta ashirin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba. Sadiyatu kuwa kullum "Wasila, zo ki karɓi na gyara." Mi kike so ta rubuta?

Allah shi huci zuciyarki.
Yayarki, Hajjo

Runjin Sambo, 6 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Wa ya koya mini kunyar? Ranar suna na saci kallonta, kika mintsine ni a cinya har wurin ya yi baƙi, kika ce za a ce ba ni da tarbiyya. Ranar da kika goya ta kika fita, na ɗaure ƙirjina da zane kwana shida, ke kuma kina aiko mini da labarin ta yi sabon haƙori. Ke kika samu dariyarta, ni na samu yabon tsofaffi. Ki zo mu yi musanya in kina so.

Ban san abin da ke cikin tsumman ba. Mutum ya kawo laka falo gaban surukata Hajiya Mariyatu, wadda har yau take cewa jikarsu ta zama maginiya, me ake so in yi?

Na bi ta kwalejin yau, ba don komai ba, hanya ce ta biyo. Na leƙa ta taga na ga tukwanen a jere suna bushewa. Taki ta karkace. Ba zagi ba ne, abin da na gani ne.

Ina curin yake? Ina tambaya ne kawai.

Balkisu

Wamakko, 8 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Curin na ƙarƙashin gadona cikin kwano, kullum da safe ina yayyafa mai ruwa don kada zafin ga ya busar da shi.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa Malam ba. Mako uku ke nan Wasila ta ce in kawo miki da kaina, tunda ni ba ki jin kunyata. Ta ce in kin danna za ta sa sunanki, ko da sai an sake buga takardar. Ni na ƙi kawowa. Na auna shi da hannu, Balkisu, ya fi nawa girma. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na koya mata gane yumɓu da harshe, amma babban curi naki ne. Na ce bari a buga takardar tukuna. Ki yafe mini ko kada ki yafe.

Ranar Alhamis ta sama za su gasa tukwanen, kuma sai ta gina taki, ta bushe kwana biyar a inuwa, in ba haka ba wuta ta fasa ta. Ga shi nan na ba Lawali. In kin yi, ya wuce da shi kwaleji gobe. Ki cire zobe, ki danna tsakiya a hankali, kada ki huda gindin.

Yayarki, Hajjo

Runjin Sambo, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Wasila,

Assalamu alaikum. Ga curinki. Innarki ta ce a hankali, ban ji ba, na huda gindin. Na sake murza shi na danna, ban sani ba ko hakan ya ɓata aikin. Idan ya ɓata ki zo da wani ranar Juma'a, ki ajiye a kan kafet.

Kada ki sake buga takarda. Ki dai ajiye tawa kusa da ta Innarki, inda kowa zai ga wadda ta fi zurfi.

Allah ya yi miki albarka, Wasila.

Mahaifiyarki, Balkisu