Kujerar Abdu a Ajin Madam Honorine

Lagdo, watan Yuni

Zuwa ga Gwaggona Hafsatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da duk jama'ar Colire. Ya ƙafar taki? Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya rabin maganata kawai kunnenki yake kamawa, wannan kuwa ina so ki ji ta duka.

Gwaggo, an dawo mana da Abdulbaƙi daga maternel, makarantar ƙananan yaran nan. Malamar ta ce ba ya zama, ba ya amsa sunansa, in yara suka fara waƙa sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur yana ihu. Kin dai san shi, shekara huɗu ba "Inna" ba "Baba". Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun kai shi wajen duk wanda aka kwatanta mana. Da abin ya ishe mu sai muka kai shi asibiti a Garwa. Likitar ta zauna da shi a ƙasa tana kallon yadda yake jera murafan kwalba. Ta ce sunan abin otisim. Ta ce ba iska ba ce, ba kuma laifina ba ne, haka Allah ya tsara ƙwaƙwalwarsa. Ba shi da allura ko ƙwaya, sai koyarwa, kuma gara a fara tun yana ƙarami.

Irin wannan koyarwar ba mu same ta a nan ba. Shi ya sa ni da Baban Abdu muka yanke shawarar komawa Garwa kafin a buɗe lakwal, wato makaranta. Ki sa mana albarka.

'Yarki,
Hidaya

Colire, watan Yuli

Hidaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma tana nan da halinta.

Na karanta takardarki har na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne. Ku tashi daga Lagdo? Mijinki Nasrullahi ya bar bandar kifin da ubansa ya kafa, masunta sun san shi, suna ajiye masa giwan ruwa tun kafin kwalekwale ya taɓa gaɓa, ya tafi Garwa ya zama wa? A Garwa ko inuwa haya ake ba mutum.

Yaro jinkirin baki ne da shi. Ubanki, ƙanena, sai da ya yi wayo sosai kafin ya yi magana, da ya fara kuma har ya koma ga Allah ba mu huta ba. Likita ta ba abu suna da Faransanci, ku kuma kun ɗaure kaya. Ni na raine ki, na san in kin kafe ba mai tanƙwara ki, amma wannan karon ki sake tunani. Albarka kam kullum ina sa miki. Yardata ce ban bayar ba.

Ki shafa min kan maigidan nawa.

Gwaggonki,
Hafsatu

Garwa, watan Oktoba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ki yafe min shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗa.

Mun taso. Muna ɗaki biyu a Yelwa. Baban Abdu ya bar bandar a hannun ƙanensa, shi kuma yana karɓar kifin a tasha yana sayarwa a kasuwa. Mutumin da ake layi a ƙofarsa yanzu shi yake kiran masu wucewa. Bai taɓa yi min ƙorafi ba, amma ya rame.

Maganarki ta kusa zama gaskiya. Duk makarantar da muka shiga, da an ga Abdu yana kaɗa hannuwa yana zagaye sai fuskar mai ofis ta canja. Wata ta ce aji ya cika, alhali ina hango kujeru babu kowa. Wani direkta ya ce min a gaban yaron, "Madam, nan makaranta ce, ba asibiti ba." Ranar a bakin titi na zauna na yi kuka, mai moto yana jira a kan babur ɗinsa, Abdu yana wasa da igiyar takalmina. Wallahi na ce wa Baban Abdu mu koma gida. Ya ce, "Mun riga mun zo, Hidaya. Gobe ma rana ce."

Sai ga wata mai sayen kifinmu, Jeannette, ta kwatanta masa wata ƙaramar maternel a bayan unguwarmu. Mai ita Madam Honorine, wata gajeriyar mata 'yar kudu. Da muka shiga ba ta tambaye ni takarda ba. Ta kashe rediyon ofis ɗinta, ta tambaye ni, "Me yake so? Me yake tsoro?" Gwaggo, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce yana son ruwa da duk abin da yake juyawa, yana tsoron ƙara. Ta ce ta taɓa samun horo a kan irin yaran nan, za ta karɓe shi, amma malamarta ɗaya ce a ajin, sai dai in ni zan riƙa zama da shi.

To ga 'yarki nan, kullum da safe a kan kujerar yara, gwiwoyina har haɓa. An ba shi kujera kusa da ƙofa don in hayaniya ta yi yawa mu fita. Madam ta yi masa hotuna a kan kwali, na kofi, na abinci, na bayan gida, na sassan jiki. In yana son abu, sai a kama hannunsa ya miƙa hoton kafin a ba shi. Har yanzu jifa yake yi da su.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

'Yarki,
Hidaya

Colire, watan Nuwamba

Hidaya,

Sallama da gaisuwa. Matar aure da girmanta a kujerar yara! Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo, daga baya kuma na rasa abin da ya sa idona yake ruwa.

Wancan direktan, Allah ya shirye shi, iyakar abin da zan rubuta ke nan don takarda ba ta ɗaukar sauran. Ga zuma nan da man shanu na ba direba. Ki ba mijinki ya ci, ramar namiji a bakin kasuwa ba ta jawo ciniki. Har yanzu ban ga yadda kwali zai buɗe bakin yaro ba, amma na yi shiru.

Gwaggonki

Garwa, watan Fabrairu

Zuwa ga mahaifiyarmu Gwaggo Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ni ne ɗanki Nasrullahi. Ban saba rubuto miki ba, amma na san Hidaya ba za ta ba ki wannan labari yadda ya faru ba, za ta rage nata.

Kwanakin baya Abdulbaƙi ya birkice. Ba ci, ba zama, sai ihu da buga kai a bango. Muka rasa dalili. A cikin haka wata yarinya a ajinsu mai suna Irène ta taɓa masa kai, ya cije ta a hannu. Mahaifinta, Mushe Hervé (haka suke cewa Malam da Faransanci), ya tara iyaye, suka ce ko a cire ɗanmu ko su kwashe nasu. Madam Honorine ta sa ranar taro.

Ana gobe taron, da hantsi, muna tsakar gida yana ta kuka. Sai ya tashi da kansa, ya je jakar uwarsa, ya zazzage kwalayen nan. Ya ɗauki ɗaya ya zo ya danƙa mata a hannu. Hoton kunne ne. Ya kama yatsanta ya ɗora a kunnensa na hagu. Gwaggo, tun da aka haifi yaron nan bai taɓa gaya mana abin da ke damunsa ba sai ranar. Muka hau moto zuwa asibiti, aka duba, ashe kunnen ya kumbura har ya tara ruwa.

A wajen taron na yi niyyar ni zan yi magana, sai Hidaya ta riga ni miƙewa. Ta fara da ba Mushe Hervé haƙuri, ta ce ciwon 'yarsa ciwonta ne. Sannan ta ɗaga kwalin, ta yi bayani da Fulatanci, inda ya ƙi ta haɗa da Faransancin da ta tsinta a ajin. Ta ce, "Ɗana ba mugu ba ne. Ciwo yake ji, ba shi da bakin faɗa. A ajin nan aka ba shi baki. In kun kore shi, ku gaya min inda zan kai shi." Ba ta zauna ba, ta tsaya tana jiran amsarsu.

Madam Honorine ta ce ita dai ba za ta cire shi ba, wanda zai tafi ƙofa a buɗe take. Iyaye biyu suka tashi suka fita. Mushe Hervé ya karɓi kwalin ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Irène za ta zo gobe. A koya mata kada ta taɓa masa kai."

Na taso ina ganin na san matata. Ranar na ƙara saninta. Mun gode da tarbiyya.

Ɗanki mai biyayya,
Nasrullahi

Garwa, watan Yuni

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum! Ina gaisuwa, ina kuma sauri don direba yana jira.

An yi bikin rufe lakwal. Tun bayan azumi na daina zama a ajin. Da farko na koma bakin ƙofa, daga nan gindin bishiya, yanzu raka shi kawai nake yi in dawo. A bikin Madam ta hana a kunna lasifika saboda shi. Da aka kira sunansa, Gwaggo, ya juyo! Ya taka da ƙafarsa, Irène tana gabansa, ya karɓi takardarsa. Bai kalli kowa ba, ya dawo ya ɗora min ita a cinya. Baban Abdu ya rufe fuska da hula.

Bakinsa ma ya fara buɗewa. Yana cewa "ruwa", yana cewa "a'a", wannan kam ya iya ta sosai. Shekaranjiya ina tuƙa tuwo ya ja zanena ya ce "Inna". Tuwon ya ƙone, ba wanda ya damu.

Ba wai ya zama kamar sauran yara ba ne, har yanzu akwai ranakun da muke sha da ƙyar. Amma ya wuce aji na gaba. Madam kuma ta ce hannuna ya faɗa da aikin, za ta tura ni horo a hutun nan in dawo mataimakiyar malama. Cinikin kifi ma ya miƙe, masu gidajen abinci sun gane mu.

Yaushe za ki zo ki ji da kunnenki? Zan sa ya faɗa da ƙarfi.

'Yarki,
Hidaya

Colire, watan Agusta

Malama Hidaya,

Wa alaikumus salam. Ina tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda, ki aiko mijinki tasha.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai Achta, matar mai gyaran keke a layinmu. Tana da yarinya 'yar shekara uku, ba ta magana, a ɗaki suke rufe ta don kunyar mutane. Na je na zauna da uban har ya gaji da ni. Na ce masa ba iska ba ce, sunan abin otisim, kuma 'yata ta san kansa. Ya yarda uwar da yarinyar su biyo ni.

Ki shimfiɗa tabarma biyu. Ki gaya wa Madam ɗinku ta tanadi kujera.

Gwaggonki,
Hafsatu