Habu Ba Malalaci Ba Ne

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Ajingi lafiya lau.

Ka ce in zane Habu saboda gyangyaɗi a aji. Yaya, ɗanka ba malalaci ba ne. Daga sallar asuba sai tilawa, sai keke zuwa sakandare. Shekaranjiya barci ya kwashe shi a kan keken, ya faɗa gonar gyaɗa. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya ƙuje. Mun roƙi shugaban makarantar ya jinkirta lokacin shiga, yara su ɗan runtsa bayan tilawa. Ya ce zai duba.

Na san kana cewa barcin safe yana korar arziki. To, sai da rai ake cin arzikin.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya. Bulala kuwa, ba da hannuna ba.

Ƙanwarka,
Rabi