Littafin Girkin Kaka a Zauren Majalisa

Alhamis, bayan an tashi makaranta

Zuwa ga Kakata Arlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar, ta ɗan saki? Na san abin dariya ne in tambaye ki a takarda alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma haka ake fara wasiƙa, ni kuma in ban fara yadda ake farawa ba, ba zan fara ba sam.

Kaka, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Paige ba ta sani ba. Ba karanta littattafan soyayya kaɗai nake yi ba. Ina rubutawa, shekara guda ke nan. Labarin da Sanata Amsel ya karanta a majalisar jiha ranar Juma'a, wanda ya ce ke kika rubuta, ni na rubuta shi. Kuma ba ɓata ya yi ya faɗa hannunsa ba. Ni na miƙa masa.

Dole in faɗa kafin Lahadi, saboda maƙwabcinmu Mista Pruitt ya sayi sabuwar kwat. Paige ta gan shi a kanti yana gwadawa, kuma ta ji shi yana gaya wa mai kantin cewa ranar Lahadi bayan coci yana da magana da wata. Kaka, mutumin nan shekararsa saba'in da biyar, rabonsa da kwat tun ranar da ya ajiye tuƙin bas ɗin makaranta. Ya ɗauka abin da aka karanta daga zuciyarki ya fito, alhali daga kan gadona ya fito, ina kwance ina cin gyaɗa.

Bari in faɗa miki abin da talabijin bai nuna muku ba.

Ke kika matsa mini na shiga aikin 'yan aike na mako ɗaya da majalisa ke ɗaukar 'yan makaranta, wai ko bakina zai buɗe. Bai buɗe ba. Kwana huɗu ina kai ruwa da takardu, abin da na furta bai wuce "To, yallaɓai" ba. Har wata sanata ma na ce mata yallaɓai.

Ranar Juma'a aka kawo ƙudurin fanshonku. Sanata Brandvold, mai ƙudurin, ta zo da wani babban allo mai jan layi yana gangarawa. Ta ce asusun fansho ya yi rami, kasafin jiha ba zai iya cike shi ba, don haka a dakatar da ɗan ƙarin da ake muku duk shekara saboda tsadar kaya, har shekara biyar. Ba zan ɓoye miki ba, layin ya ba ni tsoro, kuma matar ba ta yi mini kama da muguwa ba, ta fi kama da wadda ta kwana uku ba ta yi barci ba. Amma sai na tuna ki a teburin kicin kina raba ƙwayar maganin hawan jini gida biyu da wuƙa, kina cewa likitan ne ya cika yawa. Na san ba likitan ba ne. Shekara talatin da ɗaya kina dafa wa 'ya'yan mutane abinci.

Kin san ƙa'idarsu. Ƙarfe shida na yamma zaman bana zai ƙare, duk ƙudurin da ba a kaɗa masa ƙuri'a ba ya mutu sai baɗi. Kuma muddin sanata yana tsaye yana magana, ba ƙuri'a. Ba zai zauna ba, ba zai jingina ba, ba zai yi shiru ba, ba zai maimaita ba. Sanata Amsel ya miƙe tun ƙarfe tara na safe don ya hana ƙuri'ar. Ya karanta wasiƙun 'yan fansho ɗari da sittin. Ya karanta sunayen kogunan jihar nan. Ya karanta littafin gyaran motar nomansa har da shafin man birki.

Ƙarfe biyar da minti goma sha uku komai ya ƙare masa. Ya lallaɓa ya ɗauko wata wasiƙa daga ƙasan tari ya fara, sai Sanata Brandvold ta miƙe ta ce, "Shugaba, matar nan mai kyanwa uku tun da hantsi muka ji ta. Har sunayen kyanwoyin na haddace." Shugaban majalisa ya ce in ya sake, magana ta bar hannunsa.

Ina gefensa riƙe da kofin ruwa. Awa takwas ke nan yana tsaye, Kaka. Ya sunkuyo kamar zai sha ruwa, ya ce mini a hankali, "Yarinya, samo mini duk abin da ke da haruffa. Ko takardar sabulu ce."

Ba a barin mu shiga da waya. Abin da ke aljihuna ɗaya ne: tsohon littafin girkinki mai shuɗin bango, wanda na ɗauka a akwatin ƙarƙashin bene saboda shafi goma kawai kika cika. A sauran nake rubutu. Ko banɗaki da shi nake shiga, don kada wani ya karanta.

Na tsaya kamar minti ɗaya, ko ƙasa da haka. Ya fara jan kalmomi, yana gode wa shugaba, yana gode wa masu shara, yana gode wa wanda ya ƙera fitilun zauren. Na ga Sanata Brandvold ta fara tattara takardunta tana shirin tashi. Sai kawai na ga hannuna ya miƙa.

Ya duba bango ya ce, "Wasiƙa ta gaba daga Arlene Vosburg ce, kicin ɗin makarantar gwamnati." A nan ya kamata in ce a'a. Ban ce ba.

Da farko lafiya lau. Dankali buhu biyu, albasa talatin, kada a bar wa sabuwar ma'aikaciya gishiri. Na fara addu'a girkin ya kai mu ƙarfe shida. Minti huɗu ya yi. Sai ya juya shafi, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar nan tasa ta mai sanar da rasuwa: "Ya taka birki a ƙofar kicin, bas ta tsaya, amma zuciyarta ta ƙi tsayawa. Idanunsa kamar shayi mai zafi a ranar sanyi."

Wani a sama, cikin 'yan kallo, ya ce, "Ci gaba, dattijo." Ni kuwa na kafa ido a kan kafet ina roƙon ya buɗe.

Game da Mista Pruitt, don Allah ki fahimce ni. Ban san halin maza ba. A littattafan da nake karantawa duk masu jirgin ruwa ne ko masu gidan sarauta, ni kuwa ko teku ban taɓa gani ba. Namiji ɗaya na sani da ke cire hula in zai gaida mace, shi ne maƙwabcinmu. Sai na ɗauke shi, na rage masa shekara arba'in, na mayar masa da gashin kansa, na sa masa suna Rafael. Na manta ban canza lambar bas ɗin ba, goma sha huɗu. Na manta ban cire ɗan yatsansa da ƙofa ta datse ba. Ita kuma mai girkin, ban san lokacin da ta fara cewa "Ci ka tashi, akwai na bayanka" ba, maganar da kika saba yi wa yara. Paige ta ce kakarta na falonmu ranar, tare da sauran 'yan fanshon da suka taru kallon zaman, har da Mista Pruitt. Ta ce da aka zo kan yatsan, kowa ya juya ya kalli hannun Mista Pruitt, shi kuma ya tura shi ƙarƙashin cinya.

Ƙarfe shida saura minti goma sha huɗu labarin ya ƙare. Ba ƙarshe ba ne, nan na tsaya: Rafael a ƙofar kicin, ruwa na dukansa, ya buɗe baki zai yi magana. Wata biyu yana tsaye a wurin, don ban san me ake cewa ba. Sanata Amsel ya juya shafi, fari. Ya sake juyawa, fari. Na ce shi ke nan, na tona wa kaina asiri a banza.

Sai wani tsoho daga ɓangaren masu ƙudurin ya miƙe, Sanata Merle Dorsey, wanda tun azahar yake barci. Ashe da can dillalin motoci ne. Ya ce yana da tambaya, ƙa'ida kuwa ta yarda da tambaya.

Ya ce, "Ina so in san wace irin bas ce ke hawan tudu da gudun mil tamanin cike da yara."

Sanata Amsel ya ce, "Yaran sun sauka tun shafi na sha biyu. Da idonka biyu da ka ji."

"Ko babu kowa a ciki ba za ta yi ba. Na sayar da irinta arba'in."

"Mutumin yana cikin soyayya ne, Merle."

"Injin bai san wannan ba."

Sanata Brandvold ta kama gefen rigarsa tana ja tana cewa, "Zauna, Merle, don girman Allah zauna, lokacinmu kake ci." Ya fizge, ya ce shi ba zai bari a shigar da ƙarya cikin kundin majalisa ba. Kafin ya zauna wata sanata ta tashi ta tambayi me ya hana ita mai girkin ta fara magana, ko an ɗinke mata baki ne. Wani ya ce a zamaninsu ba a haka. Ta ce shi ya sa zamaninsu ya wuce. Suna cikin wannan shugaba ya buga guduma. Ƙarfe shida.

Na san a watan Janairu za su dawo da ƙudurin, kuma ramin yana nan. Amma ƙarin bana zai shigo. Don Allah ki daina raba ƙwayar.

Da aka watse, Sanata Amsel ya zube a kujera ya cire takalma. Ya miƙo mini littafin ya ce, "Ki gaida kakarki. Ki ce ta shigar da mutumin nan ciki, zai yi mura." Dama ta biyu ke nan da zan faɗi gaskiya. Na ce, "To, yallaɓai."

Abin da ya fi damuna shi ne ke. Kwana shida ba ki ce mini komai ba, sai ƙarin dankali da nake gani a farantina. Ranar Lahadi a ƙofar coci, da Misis Tolbert ta ce, "Arlene, shekara talatin kina zuba mana miya, ashe ga abin da ke tafasa a ciki," na ɗauka za ki musa. Kika gyara jaka kika ce, "Kun taɓa tambaya?" Kin san ba ki rubuta ba, kuma mu biyu ne a gidan nan. Na san kin sani. Kin ɗauki abin a kanki don kada a nuna ni da yatsa a makaranta, ni kuma na bar ki da shi ina cin dankali.

Amma Mista Pruitt bai sani ba. Sau uku ya yanke mana ciyawar ƙofar gida a makon nan. Babu sauran ciyawa, Kaka, ƙasa yake askewa.

Ki yafe mini. Ki huta lafiya.

Jikarki,
Tessa

Juma'a da safe

Kakata,

Ina kwana? Da fatan kin tashi lafiya, gwiwar ma ta bar ki kin yi barci.

Wasiƙar jiya tana nan a hannuna. Sau biyu na zo ƙofarki da ita. Na farko na ce sai na gyara rubutun. Na biyu ƙofar a buɗe take kaɗan, na leƙa, sai na ga rigar nan taki mai ruwan goro a rataye a jikin kabad, an goge ta. Rabon da in gan ta tun kafin mijinki, Kaka Walter, ya rasu. Na kuma ga takardar wajen gyaran gashi a kan madubi, Asabar ƙarfe goma. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, kaina ya ɗaure.

Wataƙila coci kawai za ki da ita. Wataƙila ba don ni kaɗai kika yi shiru ba. Ban sani ba, kuma na karanta littafin soyayya ya fi ɗari biyu, babu ko ɗaya da ya yi maganar wannan.

Ga abin da na yi. Na rubuta wa Mista Pruitt wasiƙa, layi huɗu. Na ce ni ce na rubuta labarin, ba ki san da shi ba, ya yi haƙuri da maganar yatsan. Na sa ta cikin ambulan ɗin nan tare da taki, ban liƙe ba. In kin ce in kai, yau zan kai masa kafin in tafi makaranta, in tsaya har ya gama karantawa, ko da zan suma a kan matakalarsa. In kin ce a jira sai bayan Lahadi, zan jira. In kuma kin sa ta a murhu, ban ga komai ba. Ni dai ba zan ƙara barin ki ɗauke da abina ba tare da na tambaye ki ko kina son sa ba.

Na yi niyyar turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa in gudu, amma na fasa. Ina jin ki a kicin yanzu kina ɗora ruwa. Zan sauko in ba ki hannu da hannu, in ja kujera in zauna a gabanki har ki kai ƙarshe. Abu ɗaya nake roƙo: ki karanta a zuci.

Taki har kullum,
Tessa