Ƙarfen da Bai Huce Ba

Orozo, Abuja
4 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Rumasa'u. Yaya ƙafar Umma? Allah Ya ƙara sauƙi. Na zaɓi takarda ne don kin san bakina, a waya sai in fara zagi kafin in kai ga bayani.

Gaturan da nake ƙerawa fashewa suke yi, Yaya. Shekaranjiya da rana tsaka ina zaune ina cin gyaɗa, wani da na rataye a bango ya yi ƙara, tas, ba wanda ya taɓa shi. Na duba, ya tsage tun daga baki. Na huɗu ke nan. Wanda na sayar wa Mama Lucia mai itace a hannunta ya fashe, ɓarɓashin ya yanke ta a ƙasan ido. Ta ce in aka kuma, ita da sauran matan sun bar maƙerata, kuma in suka tafi sai in rufe. Oga mai rumfa ya ce aljanu ne. Na ce masa aljanin da zai bar Maitama, unguwar masu kuɗi, ya zo Orozo fasa gatari ya fi shi rashin aikin yi.

Na san za ki ce da Baba na raye. Kin tuna yadda yake tsoma ƙarfe a ruwa, ya yi sanyi ƙalau, sannan ya kwantar da shi kan toka mai zafi wai bai huce ba? Ni kuwa na ce masa a gaban mutane abin da ya fito daga ruwa ya gama hucewa, sauran camfi ne. A kan haka na bar gida, ko jana'izarsa ban zo ba. Kada ki sake tayar mini da zancen.

Na sayi littafi wurin Ebenezer, mai tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gadar Nyanya. Na ɗaliban injiniya ne, kan yadda cikin ƙarfe ke rikiɗa in ya sha wuta da ruwa. Turancinsa kamar tsakuwa a shinkafa, amma ni da na koyi karatu a jaridar ƙunshin ƙosai ba zai kore ni ba. A ilimi zan samo amsar, ba a toka ba.

A gaida Umma da kyau.

Ƙanenki,
Manniru

Orozo
6 ga Mayu

Yaya Barira,

Ina fatan kowa lafiya, an kuma fara samun ruwa a wajenku. Nan mun yi shuka. 

Na kai babi na shida. Littafin ya ce in aka tsoma jan ƙarfe a ruwa, ƙwayoyin cikinsa ba sa samun damar komawa mazauninsu, sai su maƙale a takure. Matansayit suke kiran wannan hali. Waje sanyi, ciki a ɗaure, yana iya tsagewa shi kaɗai bayan kwanaki. Maganin shi ne a mayar da shi wuta a hankali har ya yi launin ɓawon albasa. Shafi arba'in da zane-zane, don su faɗi abin da tsoho ya faɗa da kalma uku. Ashe ba hucewar zafi yake nufi ba, ta fushi ce.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto miki ba. A gefen shafin akwai rubutun ajami da tawada irin ta allo: "Bai huce ba, Ɗan'auta." Mutum ɗaya ne ke kirana haka, kin kuma san yadda yake jan wutsiyar harafi kamar lauje. Ranar da na sayi littafin na tsaya a shafin nan ina kallon zane, wallahi gefen fari fat yake. Na shafa rubutun, ya ɓata mini yatsa.

Na koma wa Ebenezer da faɗa. Ya ce littafin na wata injiniya ne, Patricia, wadda ko sannu ba ta iya ba. Sannan ya nuna mini shekarar bugu: 2022. Baba ya rasu a 2019. Ban taɓa barin wuri ban yi maganar ƙarshe ba sai ranar.

Na dawo na kwantar da gatura shida kan toka, yadda yake yi. Yau kwana goma sha biyu, ba wanda ya yi ƙara. Mama Lucia ta sari itace da ɗaya a gabana, ta ɗauki biyu, ta ce matan za su zo.

Na zaci shi ke nan, saƙo ya isa. Yau da hantsi na buɗe shafin don in kwafo miki. Rubutun na nan, kuma har yanzu tawadar ɗanya ce. Na bi gaturan ɗaya bayan ɗaya da ido, duk sun huce. Sai na ga ni kaɗai na rage a rumfar ban huce ba.

Ki gaya wa Umma ina tafe ranar Juma'a. Ki ce wa Yaya Saleh kada ya je gona, shi zai nuna mini inda aka kwantar da Baba.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Ɗan'auta