Ƙafata Ta Riga Ni Zuwa Lamadji

Da sunan Allah. Ni Ya'akubu mahauci na kasuwar Dembé nake barin wannan wasiyya ga 'ya'yana, Nasrullahi, Ni'imatu da Khalida. Hankalina garau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana.

1. Ku binne ni a maƙabartar Lamadji, kusa da ƙafata ta hagu. Shu'aibu mai haƙan kabari ya san wurin, shi ya rufe ta shekarar da ciwon suga ya ci ta. Tun da aka yanke ta ban daina jin ta ba. In an yi ruwa a can, ina zaune a gidana a unguwar Habbena kan busasshiyar tabarma nake jin laimar ƙasa tsakanin yatsuna. Likita ya ce jijiya ce, na kuma yarda. Amma ranar da na ji ana tattaka ta, na aiki Khalida, ta tarar shanu sun ɓalle sun shiga maƙabartar.

Tun bayan Babbar Sallah laimar ta ɗauke. Yanzu ɗumi nake ji a gefenta, kamar an share wuri an yi wa baƙo shimfiɗa. Na gane.

2. Nasrullahi, ka daina gaba da Ni'imatu. Ita ta sa hannu aka yanke, kai kana son a ƙara gwada maganin gargajiya. A lokacin ko ƙudan kasuwa sun bar nama sun koma kaina. Da sa hannunta Allah ya ara mini shekarun da na aurar da ku, na ɗauki jikoki. Ka je gidanta da ƙafarka tun kana da biyu.

3. Teburin nama da wuƙaƙe naka ne, 'yan'uwanka sun yarda. Amma na ga yadda kake shan ruwa kamar raƙumi, na ga gyambon da kake ɓoyewa cikin takalmi. Haka nawa ya fara. Ka je asibiti, ka rage sukari a shayi. Ciwon nan ana zama da shi in an girmama shi.

4. Ƙafar roba da sanduna ku kai wa maƙwabcinmu Hashimu, wanda aka yanke wa tasa bana. Ya ƙi fitowa daga ɗaki. Ni ma haka na yi, fuska ga bango, sai da marigayiya mahaifiyarku Adama ta daina kai mini abinci ciki, ta ajiye a zaure. Yunwa ta koya mini tafiya. Ku faɗa wa matarsa.

5. Sauran abin da na bari, malamai su raba yadda Allah ya ce.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya mai ɗorewa. Ku riƙe juna. Na san yadda jiki ke neman abin da aka yanke masa, kada ku yanke kowa a cikinku.