Tawadar da Zuhaira Ta Sha

Litinin, 5 ga Mayu
Alƙalamin tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da na samo a Damagaram ya farfaɗo. Na sa masa sabuwar robar shan tawada, na wanke bakinsa. Gwaggo Dado ta leƙo: "Duk bokonki, jinyar matattun alƙaluma kike." Na je cika shi, babu kwalbar baƙar tawada.

Talata, 6 ga Mayu
Kwalba ta fito. Gwaggo ce ta kai wa Malam Attahir, wai tasa ta ƙare, tawa kuma ta fi baƙi. Da ita ya yi wa ƙanwata Zuhaira rubutun sauƙin haihuwa, aka wanke allo, ta shanye. Cikinta ya tsufa.
Tasa tawadar gawayi ce da ƙaro, ana sha. Tawa tsohuwa ce ta Faransa, tare da wani alƙalami na saye ta, takardar jikinta ta goge. Ban san abin da ke ciki ba.
Gwaggo ta ce: "Ke Nafisatu, tawada ai tawada ce."

Laraba, 7 ga Mayu
Zuhaira na ta amai. Kuma tun asuba ɗan bai motsa ba. A likita, wato asibiti, unguwarzoma ta tambaye ni wane irin sinadari ne. Ni da na yi jami'a a Yamai, na ce "baƙi ne." Ta ji bugun zuciyar ɗan, amma ba ta yi murmushi ba. Ta ce mu jira motsi.

Alhamis, 8 ga Mayu
Har yanzu babu motsi. Na ɗiga tawadar a harshena in ji. Tsami da ƙarfe. Alƙaluman suna jere a akwati, ban iya taɓa ko ɗaya ba. Da biron bik nake rubutun nan.
Gwaggo ta daina tsokana. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Juma'a, 9 ga Mayu
Bayan azahar Zuhaira ta fizgi hannuna ta ɗora a cikinta. "Yaya, ji!" Ya shure ni. Ya ƙara. Na ce mara kunya ne, na fita bayan ɗaki na daɗe.
Malam ya aiko da sabon rubutu, da tawadarsa da ya dama da kansa. Ni na riƙe mata ƙwaryar. Gwaggo ta ce ta ji ina cewa amin.
Gwaggo dai kunnenta ba ya ji sosai.